Darasi na 9: Haɗa Lemo Mai Ƙanƙara Na Mutane Da Yawa

Idan baƙi sun yi yawa, haɗa wa kowa kofinsa ɗaya bayan ɗaya wahala ce. Kafin a gama na mutum na shida, na farko ya narke ya koma ruwa. Dabarar ita ce a haɗa na kowa a mazubi ɗaya tun ana gobe za su zo, a sa a firiza ya kwana.

Abin da ake nema shi ne lemo mai kauri, mai ɓarɓashin ƙanƙara, wanda cokali zai shiga ba tare da kokawa ba. Sukari ne ke kawo haka. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, firiza ta gida kuwa sanyinta kan kai digiri 18 ƙasa da sifiri, shi ya sa ruwan ke fitowa kamar dutse. Idan da sukari a ciki, wani ɓangare na ruwan ba ya daskarewa, sai haɗin ya yi laushi. Wanda ya rage sukari sosai zai sha fama da cokali. Wanda ya zabga shi kuma zai tarar da abu mai danƙo da ya ƙi kamawa.

Kada a zuba sukari tsabarsa, don ba ya narkewa da kyau a ruwan sanyi. A dafa kofi 1 na sukari da kofi 1 na ruwa har ya narke, a bari ya huce.

Ga awon mutum 6: ruwan abarba kofi 4, ruwan sukari kofi 1, ruwan lemun tsami rabin kofi. Mangwaro ma yana yi, kuma ya fi kauri. A gauraya, a ɗanɗana. Ya kamata zaƙin ya ɗan zarce yadda ake so, domin sanyi yana dakushe harshe, abin da ya yi daidai yanzu gobe zai yi salam.

A juye a roba mai murfi, a bar sarari kamar yatsu 2 a sama. Ruwa yana kumbura idan ya daskare, wajen kashi 9 cikin 100, kuma wannan ya isa ya fasa kwalbar da aka cika har baki. Roba mai faɗi ta fi mai zurfi saurin kamawa. Bayan awa 2 za a ga gefe-gefe ya fara tauri, tsakiya na nan ruwa. A sa cokali mai yatsu a kankaro gefen zuwa tsakiya, a mayar. Idan an maimaita sau 2 ko 3, ɓarɓashin zai fito ƙanana.

Lokacin sha, a fito da shi ya huta minti 10, sannan a ɗan markaɗa a blanda. Lemon kwalba mai gas a kofi ake zuba shi, ba ya shiga firiza.

A mashaya ana yin irin wannan haɗi da giya, ana ce masa koktel. Giya mai ƙarfin kashi 40 cikin 100 ba ta daskarewa a firizar gida, saboda haka idan ta yi yawa haɗin ba zai kama ba. Zaƙi da sanyi kuma suna ɓoye ƙarfinta. Mazubi irin wannan dole a rubuta abin da ke ciki a murfinsa, kada yaro ya ɗauka lemo ne.

Aiki: Mutum 12 za su zo. Rubuta awon abarba, ruwan sukari da lemun tsami da za a yi amfani da su. Idan mutum 3 ne fa?