Yadda za ka bi sawun canjin Hausa a Damagaram da kunnenka da wayarka

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san Hausarmu ba irin ta Kano ba ce sak, ba kuma irin ta Tawa ko Dogon Dutsi ba ce, amma kaɗan ne ke tsayawa su tambayi abin da ya kawo haka. Wasu su ce Faransanci ne ya lalata mana harshe, wasu su ce finafinan Kano ne suka ɓata bakin yara. Ni gaskiya ban yarda da maganar lalacewa ba. Harshe rayuwar masu shi yake bi, wa ke riƙe da mulki, daga ina kaya ke zuwa kasuwa, ina ake kai yara karatu, ina samari ke tafiya ci-rani. Kuma wannan abu ne da kai da kanka za ka iya gani ka rubuta, ba sai kana jami'a ba, waya mai ɗaukar murya da kaye guda, wato littafin rubutu, sun ishe ka.

Abu na farko kada ka ce Hausa duka za ka bincika, za ka gaji tun ba ka je ko'ina ba. Ɗauki fanni guda ƙarami. Kuɗi da lissafi, ko kayan makaranta, ko kayan gareji, ko kayan ɗakin amarya, ko sunayen dangi. Ka tsara abubuwa kamar talatin a cikin fannin nan ka tsaya a kansu.

Sannan ka nemi gida guda mai kaka da uba da jika, don a nan ne canji ke fitowa fili, gida ɗaya tukunya ɗaya amma baki uku. Wajen tambaya akwai abin da yawancin mutane ke kuskurewa, su ne ke fara faɗin kalmar. In ka ce ma tsoho "Baba kun san lakwal?", wato makarantar boko, zai ce maka e, shi kenan ba ka samu komi ba. Nuna mishi abin ko hotonshi, ka ce "Baba, wannan fa, da can ya kuke ce mishi?" sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Ɗaga abin rubutu sama ka ga, kaka zai ce alƙalami, jika ya ce bik, wanda ya daɗe yana zuwa Kano ya ce biro. Ka je da goro, ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ka faɗa musu za ka ɗauki murya kuma me za ka yi da ita, wanda bai yarda ba ka kashe wayar a gabanshi. Wajen tsofaffi mata in kai namiji ne gara ka ba ƙanwarka ko matarka wayar, don hirar da Inna za ta yi da ƴa mace ba za ta yi ta da kai ba, kuma a bakin mata ne tsofaffin kalmomi suka fi daɗewa saboda da yawansu ba su shiga lakwal ba, ba su yi yawon ci-rani ba.

A kaye kada ka rubuta kalma ita kaɗai. Rubuta jimlar da ta fito ciki, da shekarun mai maganar ko da kintace ne, da unguwarshi, Birni ko Zango ko Garin Malam ko Sabon Gari, da karatun da ya yi na allo ne ko na boko ko duka biyu, da inda ya taɓa zama. Wannan bayanin shi ne rabin aikin, in babu shi tarin kalmomi kawai gare ka.

To yanzu ga inda aikin ke da daɗi, wato gane ƙofar da kowace kalma ta shigo. A nan sai ka riƙe tarihin garin a kai.

Masarautar Damagaram da Barno take haɗe tun asali, can ake kai gaisuwa, shi ya sa in ka je fada za ka ji sarautu irin su Ciroma da Galadima da Yarima da Kaigama, duka daga Barebari suke. Masana harshe sun nuna har karatu da rubutu da kasuwa ta bakin Barebari suka iso Hausa, kasuwa ma asalinta Larabci ce, Barebari suka ce kasugu, mu muka ce kasuwa. Larabci kuwa ta addini da shari'a da ilimi ya shigo, alƙali, littafi, lahira, ranakun mako tun daga Lahadi har Asabar, da lissafi daga ashirin zuwa casa'in. Sai ka gangara Zango, inda ayarin Buzaye ke sauka tun zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19 lokacin da fatauci ke tafiya ta Agadas har Tarabulus, ka duba kalmomin da suka bari, raƙumi, takobi, ayari, azurfa, takarda. Fulani su ma sun bar nasu, kuma lura da inda suka bari, kawu, baffa, goggo, sunayen dangi ne, abin da ke nuna maka auratayya ce da zama tare ba mulki ba.

Faransawa sun kama Zinder, wato Damagaram, a 1899, kuma garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin a mai da shi Yamai. Ka jera kalmomin Faransanci da ka tara ka dube su da kyau, za ka ga kusan duka na hukuma ne da makaranta da soja da aikin albashi, kumandan, jandarma, duwan, farfe, biro (wato ofis), lakwal, mushe, gudiro, parmi, kuran. Amma sai ka tambayi kanka, Ingila ba ta taɓa mulkin Damagaram ba ko na kwana ɗaya, to ta ina mota da tasha da kanti da tebur da burodi da likita suka shigo bakinmu? Ta Kano. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turawa daga can suke hawowa arewa ta Daura da Matamaye da Magarya, kuma duk abin da ya zo da sunanshi yake zuwa. Iyakar da Faransa da Ingila suka ja tsakanin 1898 da 1906 ta raba hukuma amma ba ta raba kasuwa ba. Ni a ganina wannan shi ne babban abin da ya kamata mai bincike a Damagaram ya riƙe, Faransanci ta ofis ya shigo mana, Ingilishi ta kasuwa, kuma Ingilishin ma ba daga bakin Bature muka ji shi ba, Bahaushen Kano ya riga ya lanƙwasa shi kafin ya iso mana.

In kana son ka ga ƙofofin biyu suna gogayya ido da ido, je gareji ka zauna awa guda. Mai gyara zai ce ma yaronshi ya miƙo mishi kile, ya ciro buji ya duba, amma in zai aiki mutum Kano sayen kaya sai ka ji ya ce fulogi, don ya san mai shagon can bai san buji ba. Haka ambireyaj da kuloci, haka isansi da fetur. Mutum ɗaya kalma biyu, yana zaɓa daidai da wanda yake magana da shi. Rubuta duka biyun da lokacin da yake amfani da kowace, kada ka tilasta mishi ya ce maka wace ce daidai.

Lissafi ma haka. Tsaya kusa da mai tumatir a kasuwar Dole ka saurara, za ta ce dala ashirin tana nufin faran 100, dala ɗari 500, jika guda 1000, yaron da ya zo saye kuwa a lakwal da faran aka koya mishi amma ba ya ruɗewa. Dala sunan tsohon kuɗin azurfa ne da fatake suka sani tun da, aka ɗora shi kan gudan faran 5 ya zauna. Wannan matar dai in ka tambaye ta lambar wayar ɗanta mai yiwuwa da Faransanci za a karanto maka ita bibbiyu bibbiyu, in ta ja carbi kuma Larabci ne. Ka tambayi kanka me ya sa lambar waya ta ƙi zama da Hausa alhali kuɗi sun zauna, irin wannan tambayar ce ke kai ka ga dalili.

Akwai alamomin da ke taimakawa wajen gane baƙuwar kalma. Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, sai ya cusa wasali a tsakani, shi ya sa aka samu burodi da fulogi. Sannan yakan haɗiye ƴar kalmar da ke gaban suna ta zama jikin sunan, "al" ɗin Larabci ta maƙale a albasa da alƙalami, ta rage saura "l" a littafi da lafiya da labari, kuma abin nan dai shi ya sake faruwa da Faransanci bayan ɗaruruwan shekaru, l'école ta zama lakwal. Amma fa hattara da kama, kama da wane ba ta wane ba ce. Biro a Damagaram ofis ne, biro a Kano abin rubutu ne, tushensu daban. In ka ji kalma a bakin Babarbare ko Buzu ta yi kama da ta Hausa kada ka yi saurin cewa mu muka ara, sau da yawa su ne suka ara daga gare mu, musamman yanzu da Hausa ce harshen kasuwa a duk yankin. Nemi dattijon da ya tashi a ƙauyensu ka tambaye shi ko kakanshi ma haka yake faɗa. Ƙamusun Bargery na 1934 yana intanet kyauta, in ka sami kalma a ciki ka san aƙalla ta kai wannan shekarar a Hausa, sai dai ka tuna ya fi ƙarfi a Hausar Najeriya, rashin kalmarmu a ciki ba ya nufin sabuwa ce.

Ka kuma gwada ko kalmar ta zama ƴar gida. Tana ɗaukar jam'i irin na Hausa, kamar mota motoci, jandarma jandarmomi? Tsohuwar da ba ta jin Faransanci ko kaɗan tana amfani da ita? In e, to ta zama Hausa. Wanda ya ce ka bipe ni in ka iso, Hausa yake yi. Daban yake da ma'aikacin da ke fara jimla da Hausa ya ƙare ta da Faransanci, wannan gauraya ce ta mai harshe biyu, raba su a kayenka.

Kada ka tsaya kan aro kawai, wani canjin daga cikin gida yake. Fada da can ta sarki ce, amma tun wajen shekarun 1990 da rashin aiki ya yi yawa samari suka riƙa zama bakin titi suna dafa shayi har dare, suka kira majalisarsu fada, yanzu in yaro ya ce na tafi fada ba wanda zai zaci gidan sarki. Kalma ba ta canza ba, halin rayuwa ne ya ba ta sabuwar ma'ana. Zauna da su da izininsu, a nan ne ake haihuwar sabbin kalmomi, wasu daga waɗanda suka dawo Libiya da Aljeriya, wasu daga waƙoƙi da finafinan Kano da TikTok, yawanci ba sa daɗewa suke mutuwa, shi ya sa dole ka sa kwanan wata a kan kowace.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne waɗanda ke ɓacewa ba mai maye gurbinsu. In sana'a ta ja baya kalmominta na binta. Je majema ka tambayi sunan kowane mataki tun daga jiƙa fata har sa bagaruwa, je wajen dukawa, je wajen tsofaffin da suka san kayan raƙumi da na doki ɗaya bayan ɗaya, da magina masu zanen bangon gidajen Birni. Waɗannan su ya kamata ka fara da su tun suna raye, samarin fada suna nan za su jira ka.

Ɓangaren hukuma ma yana motsi yanzu, kuma ya cancanci a sa mishi kunne. A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, sannan a 2025 sabon kundin ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki. Ko wannan zai sa mutane su bar farfe da parmi su koma ga kalmomin da ake ji a rediyo, sai an saurara za a sani, doka kaɗai ba ta canza bakin mai kabu-kabu. Ka riƙa ɗaukar labaran Hausa na gidajen rediyon gari, ka gwama da na BBC da ke watsa Hausa tun 1957 da na RFI da ta fara a 2007, ka ga wace kalma ɗan jarida ya zaɓa, wace kuma mai kira a waya ya maido mishi.

Muryoyin da ka ɗauka kada ka bar su a waya kaɗai, waya tana ɓata tana faɗawa ruwa. Sa wa kowace suna da kwanan wata da unguwa, ka tura kwafi a kwamfuta ko wajen wani amintacce, ka kuma ba iyalin tsohon nasu kwafin. Bayan shekara biyar ka koma gidan nan da abubuwan nan talatin, ka yi ma ƙannen jikan tambayoyin da ka yi ma yayansu.