Ga masu ciniki da Kano ta WhatsApp

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu sayo kaya daga Kano da Katsina zuwa nan Maraɗi, ku kula da gajerun rubutun Ingilishi da dillalai ke turowa. Mu da muka yi lakwal mun saba da mdr da stp, su kuwa lol da pls suke sawa. Ma'anar ɗaya ce: mdr da lol alamar dariya ce, stp da pls kuwa don Allah suke nufi, ba wata illa.

Harafin k ne mai jawo rigima. In dillali ya rubuta 50k, naira dubu hamsin yake nufi, ba jikka hamsin ta sefa ba. Kafin ka tura kuɗi, ka sa ya rubuta adadin a cike, ya faɗi naira ne ko sefa. In ya ƙara da asap, gaggawa yake yi, kai dai ka tabbatar da lissafinka tukuna.