Kurakuran da aka fi yi wajen bayanin matse bututun ƙarfe da maganaɗisu

Shekara uku ke nan ina duba rubutun 'yan kulob ɗin kimiyya a makarantarmu da ke wani ƙauye kusa da Gumel. Duk wanda ya ɗauko zancen gwajin da ake matse bututun alminiyam da ƙarfin maganaɗisu, rami ɗaya yake faɗawa. Jan birona ya gaji.

Na farko, cewa nakiya ce ke murƙushe bututun. Ba aikinta ba ne a wannan gwajin. Nakiyar tana can cikin injin samar da wuta. Ana fara tura 'yar wuta daga kapasita, wato na'urar tara wutar lantarki, cikin naɗaɗɗiyar waya, ƙarfin maganaɗisu ya cika wurin, sannan nakiya ta tura ƙarfe ya ƙuntata wurin cikin ƙiftawar ido. Maganaɗisun bai samu damar tserewa ba, sai wutar ta ninka ta kai miliyoyin ampiya. Wannan wutar ake bi da ita ta jikin bututun, ita ke matse shi. Andrei Sakharov ya kawo dabarar injin a 1951 a Tarayyar Sobiyet, Max Fowler kuma ya yi nasa a Los Alamos ta Amurka. Akwai gwajin da nakiya ke matse bututu kai tsaye, da shi aka kai tesla 2,800 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) a Sarov ta Rasha a 1998, amma wannan daban ne, kada a cakuɗa.

Na biyu shi ne wanda ya ci ni, har yau in na tuna sai na ji zufa. Ranar kare aikina na kammala karatu na miƙe da gadara na ce maganaɗisu ne ke jawo bututun kamar yadda mayen ƙarfe ke jawo ƙusa. Wani dattijo cikin masu jarrabawar bai ce uffan ba. Ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihun babbar rigarsa, ya ɗora a jikin firam ɗin taga na alminiyam, ya saki. Abin ya faɗo ƙasa, ƙwal! Ya ce, "Malam, ɗauko mini, ka sake bayani." Babi guda na sake rubutawa, takwarorina suka tafi hutu suka bar ni. Alminiyam ba ya bin maganaɗisu, jama'a! Abin da ke faruwa tun 1820 Ampère, masanin kimiyya ɗan Faransa, ya nuna shi: wayoyi biyu da wuta ke bi ta fuska ɗaya suna jan juna. To ka ɗauki bututun a matsayin dubban wayoyi da aka jera a da'ira, kowace na jan 'yar'uwarta, ina za su nufa in ba tsakiya ba? Ni dai yanzu ba na shiga aji sai da maganaɗisun tsohuwar sifika da murfin tukunya na alminiyam. Duk wanda ya ce "jawowa" sai ya fito ya manna su a gaban kowa. Wasu malaman na ganin tozarci ne, ni kuwa ban ga wanda ya maimaita kuskuren ba bayan nan.

Ƙananan kuma ga su. Jin kalmar janareta kada ya sa ka zaci zai haska gari; sau ɗaya yake aiki, cikin ɗan ƙanƙanin kashi na daƙiƙa, ya tarwatse. Gawus, ƙaramin ma'aunin maganaɗisu, guda 10,000 ne tesla ɗaya, ku daina zubar da sifiri. In faɗin bututu ya ragu da rabi, maganaɗisun da ke kulle ciki sau huɗu yake ƙaruwa, ba sau biyu ba. Injin Z na cibiyar bincike ta Sandia a Amurka kuwa, wanda shi ma ake irin wannan matsewar da shi, da kapasita yake aiki, babu nakiya a cikinsa.

Masu zana bututun yana tsukewa sumul kamar an ja zaren wando, ku matse gwangwanin lemo mai lotsawa ku ga inda zai fara karyewa. Haka ɗan ƙarzani a jikin bututu ke girma yayin matsewa, shi ake kira tangarɗar Rayleigh da Taylor, kuma dalilinta ne ake goge bututun har ya yi sheƙi.

Sai ku masu ƙaiƙayin hannu. Bara wani yaro ya zo mini da kapasitar tsohuwar talabijin a leda, wai zai gwada a zaure. Na nuna masa tabon da ke babban yatsana. Irinta ce ta yi mini, bayan na zare filogi na zaci ta mutu. Kapasita na riƙe wuta ko an kashe soket. Na karɓe tasa, na sauke cajin ta cikin resista, abin da ke rage gudun wuta, na auna da mita, hannuna ɗaya a aljihu. Tana cikin durowata a kulle, uban yaron ma na aika masa.