Darasi na Tara: Fitar da Shuka Daga Ganye Ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sayar da furanni a bakin titi, a Kano ko Kaduna, ya ga moda a tukunya: ganye dogo mai kauri, a miƙe kamar takobi. Wadda ke fitowa a dajinmu, igiya kakanni suke yi da zarenta. Yau ga danginta sun zama ado a falo da ofis, har kuɗi ake sa wa a saya. Ganyenta ɗaya kuwa yana iya ba ku shuka huɗu ko biyar.

Me ke sa yankakken ganye ya yi saiwa? A jikin shuka akwai wani sinadari da ake kira oksin. Shi ke gangarowa ya taru a wurin da aka yanka, ya sa saiwa ta fito. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Frits Went, ya tabbatar da samuwarsa a shekarun 1920. A 1935 kuma masu bincike a Amurka suka gano cewa wani ɗan'uwansa mai suna IBA yana gaggauta fitowar saiwa. Shi ne a cikin farar hodar da ake samu a wasu shagunan kayan noma. Nan karatunku zai yi amfani: ku duba jikin robar, ku nemi haruffan IBA ko NAA (shi ma ɗan'uwan oksin ne), da lambar 0.1%, wato ƙarfin hodar. Mai 0.8% ta itatuwa masu tauri ce, ta fi ƙarfin ganye.

Ku zaɓi lafiyayyen ganye da ya ƙosa. Ku yanka shi da sabuwar reza, gunduwa-gunduwa, kowace tsawon yatsa. Tun kuna yanka ku sa alama da biro a gefen da ke kallon ƙasa. Kada ku raina wannan! Gunduwa ta san samanta da ƙasanta. In kuka dasa ta a kife, ko hodar duniya kuka zuba mata, ba za ta yi saiwa ba.

Ku ajiye su a inuwa kwana biyu, bakin yankan ya bushe. Ɗanyen yanka cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi.

Sai hoda. Ku zuba kaɗan a murfin kwalba, kada ku tsoma ganye cikin robar gaba ɗaya, don kada cuta ta shiga sauran. Ku ɗan jiƙa gindin gunduwar, ku dangwala, ku kaɗe. Abin da ya manne ya isa. Mutane da yawa suna labta ta kamar ana shafa wa ƙosai yaji, alhali in ta yi yawa ƙona gindin take yi, ko ta jinkirta fitowar toho. Abin da ya rage a murfin ku zubar, ku wanke hannu, ku ɓoye robar nesa da yara da madafi, domin kama take da gari.

Ku cika gwangwani ko leda mai huji a ƙasa da yashin rafi. Ku fara huda rami da tsinke kafin ku sa gunduwar, don kada yashi ya goge hodar. Zurfin gaɓar yatsa ɗaya ya wadatar. Wurin ajiya mai haske, amma ban da rana tsaka. Ruwa kuwa sai yashin ya bushe.

Saiwa takan ɗauki mako huɗu zuwa takwas, toho kuma watanni. Kada ku riƙa tugewa kuna leƙawa.

Akwai abin da hoda ba ta iyawa. Moda mai rawayan baki, in aka yi ta daga ganye, ɗiyanta kore zalla suke fitowa. Mai son rawayan sai ya raba gindin uwar. Ganyen alobera kuma yawanci ruɓewa yake yi, sai dai a cire 'ya'yan da ke gefenta. Ita kanta moda tana yin saiwa ba hoda, sai dai a hankali.

Aikin gida: ku dasa gunduwa biyar da hoda, biyar babu. Ku rubuta kwanan wata a jikin kowane gwangwani, ku kuma rubuta a littafinku ranar da kowanne ya fara toho.