Kurakuran da matafiya ke yi a hanyar bakin teku, da yadda ake gyara su

Da yawa daga masu shirin wannan tafiya suna duba hasashen yanayi sau ɗaya, mako guda kafin tashi, su ɗora komai a kansa. A gabar teku wannan bai isa ba. Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, shi ya sa da rana iska ke kaɗowa daga teku zuwa tudu, da dare kuma ta juya. Garin da ya waye garau yana iya haɗa hadari kafin la'asar. Ka duba hasashen kowace safiya kafin ka tada mota, har da na garuruwan da za ka ratsa.

Sai cika jadawali maƙil. Taswirar waya za ta ce awa 4, amma hanyar gaɓa kwana-kwana ce, ruwan sama kaɗan ya isa ya mayar da awa 4 ta koma 6. Ka bar rana ɗaya babu komai a cikinta, ka kama masaukin da zai yarda a sauya maka rana. Ka kuma san wata hanyar da ta bi ta tudu, nesa da gaɓa, domin wani wurin dutse ne a hannu ɗaya, teku a ɗayan, babu ratse. A watan Mayun 2017 ƙasa ta zaftare ta binne wani sashe na babbar hanyar gaɓa a Big Sur ta jihar Kaliforniya a Amurka, ba a buɗe ta ba sai Yulin 2018. Tankinka in ya kai rabi, ka sha mai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda baƙi ke raina cikar teku. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cikowa sau biyu a rana, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Lokacin da ka gani jiya ba shi ne na yau ba. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. A Faransa akwai hanyar Passage du Gois, mai tsawon kimanin kilomita 4, wadda ta haɗa tsibirin Noirmoutier da tudu, kuma teku na shanye ta sau biyu kullum. A bakin teku kuma, mutum zai ajiye mota a kan yashi mai tauri, ya tafi yawo. Kafin ya dawo ruwa ya fara lasar tayoyi, yashin ya yi laushi, yana taka totur motar tana ƙara nutsewa. Jadawalin cika da janyewar teku yana nan a intanet, minti biyu ya isa ka karanta shi.

In ka tarar ruwa ya haye kwalta yana gudu, ka juya. Zurfin santimita 30 kacal yana iya ɗaga ƙaramar mota, kuma ba ka san ko akwai sauran titi a ƙarƙashinsa ba.

A cikin hazo, hannu yakan kai ga fitila mai dogon zango. Kuskure ne, hasken yana bugun hazon ya dawo maka ido. Kunna gajeriyar, ka rage gudu. A jiƙaƙƙen titi tazarar da birki ke buƙata tana ninkuwa, ruwan farko bayan dogon fari kuma ya fi santsi saboda yana cakuɗa da maiƙon da ya kwanta a kwalta. Taya mai zane ƙasa da milimita 1.6 ta gama aiki, a sauya ta tare da robar waifa da ta bushe. Kaya a rufin mota kuma iska ce ke kama su a kan gada.

In kun dawo lafiya, a wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai kyau, kafin gishiri ya fara cin ƙarfen.