Shukar bakin titi a ƙasashen ƙanƙara

Salamu alaikum 'yan uwana na Gombe. Masu ƙanne ko 'ya'ya a Kanada da arewacin Amurka, don Allah ku isar musu.

Can idan hunturu ya kankama, gishiri ake barbaɗawa a titi don ƙanƙara ta narke. Motoci su fantsama ruwan kan shuke-shuke, sauran ya nutse ƙasa ya hana saiwa jan ruwa, ganye ya ƙone kamar an yi fari. To a bakin titi a dasa masu jurewa, irin su furen wardi mai suna rugosa da itacen junifa. Itacen mapul mai sukari kuwa raki gare shi, a nisanta shi da titi.

Kafin sanyi a kafa shingen buhun algarara tsakanin titi da shuke-shuken. Ƙanƙara na narkewa a yi ban ruwa sosai, ya wanke gishirin.