Yadda baƙon da ya yi ritaya zai buɗe asusun banki a Tailan

Duk wanda ya kai shekara 50 yana son zama a Tailan da bizar ritaya, asusunsa na banki shi ne shaidar da hukumar shige da fice za ta duba kafin ta tsawaita masa zama na shekara guda. Ƙa'idar ita ce a ga baht (kuɗin Tailan) 800,000 a bankin ƙasar, da sunan mutum shi kaɗai, kuma kuɗin sun yi wata biyu cur a ciki kafin ranar neman ƙarin. Bizar Non-Immigrant O kuwa, wadda ake fara shiga ƙasar da ita kafin a nemi ƙarin, kwana 90 take bayarwa. Idan ka cire wata biyu, abin da ya rage maka na buɗe asusu da shigo da kuɗi bai wuce wata guda ba. Saboda haka ka fara tun makon da ka sauka.

Da masauki ake farawa. Doka ta ɗora wa mai gida ko otal sanar da hukuma cikin awa 24 cewa baƙo ya sauka a wurinsa, ta fom ɗin da ake kira TM30. Ka karɓi shaidar hakan daga hannunsa, ka haɗa da takardar haya, fasfo da hotuna, ka je ofishin shige da fice na yankinka ka nemi takardar shaidar mazauni. Yawancin rassan banki ita suke tambaya kafin komai, kuma a wasu ofisoshin ba a ranar ake samunta ba.

Daga nan sai layin waya. Ka saya da fasfonka, a yi rajista da sunanka, ba da sunan matarka ko mai gidan haya ba. Bankuna sun tsananta a kan wannan saboda 'yan damfara da ke amfani da asusun aro. Idan sunan da ke kan layi ya saɓa da na asusu, ana iya toshe maka manhajar banki.

Ranar zuwa banki ka tafi da kanka, da asalin fasfo mai ɗauke da hatimin biza, takardar mazauni, takardar haya, lambar waya, da ɗan tsabar kuɗi na ajiyar farko da kuɗin katin cirar kuɗi. Za a yi kwafin shafukan fasfo a ce ka sa hannu a kan kowane ɗaya. Ka yi irin sa hannun da ke cikin fasfon, domin da shi za a riƙa gwadawa duk sanda ka zo kanta. Akwai kuma fom na haraji da ke tambayar ƙasar da kake biya da lambarka ta haraji, ɗan Amurka kuma yana da ƙarin nasa saboda FATCA, dokar harajin Amurka kan asusun 'yan ƙasarta a waje. Ka ce asusun ajiya kake so mai littafi, kuma kada ka buɗe na haɗin gwiwa da iyali don wannan buƙata. Kafin ka tashi, ka duba sunanka a littafin harafi bayan harafi. Harafi ɗaya da ya kauce yana iya sa kuɗin da aka turo daga waje su maƙale.

Bangkok Bank, Kasikornbank, Krungthai da SCB duk suna da rassa ko'ina, amma kowane reshe da irin tsaurinsa. Wani zai ƙi, na gaba da shi a titi ɗaya ya karɓa da takardun nan dai. Idan an ƙi, ka tambayi takardar da ta rage, ka nufi babban reshe a unguwar da baƙi suka yi yawa. Wani ma'aikacin zai tallata maka inshorar haɗari, sai ka tambaya ko dole ce kafin ka biya. Masu cewa za su buɗe maka asusu ta bayan fage kuwa, ka yi nesa da su.

Wajen shigo da kuɗin ne ake yawan yin tuntuɓe. Ka turo daga asusunka na gida kai tsaye ta SWIFT, wato tsarin tura kuɗi tsakanin bankunan ƙasashe, mai turawa da mai karɓa duk suna ɗaya. Wasu kamfanonin tura kuɗi ta intanet suna biya ne ta wani banki na cikin Tailan, sai kuɗin su bayyana a littafi kamar na cikin gida, alhali jami'i yana iya neman shaidar daga waje suka zo. Ka roƙi banki takardar shigowar kuɗin ka adana. Ka kuma turo fiye da 800,000, domin canji da ladan bankuna suna zaftare wani abu a hanya. Idan lissafi ya gaza ko da baht 100 ne na yini ɗaya, ƙidayar wata biyun na iya komawa farko. Shi ya sa ya fi kyau a buɗe asusu na biyu don haya da cefane, a bar na farko ba a taɓa shi, kada ma a ɗaura masa wani biyan da ke cire kansa.

Ranar neman ƙarin zama, ka fara zuwa banki da safe. Ka sa ɗan kuɗi kaɗan a asusun, ka tura littafin cikin na'ura ta buga ma'aunin ranar, sannan ka karɓi wasiƙar banki mai tabbatar da adadin. Dole lambar da ke wasiƙa ta yi daidai da ta littafi. Kada shekarar da ke kan wasu takardu ta ruɗe ka: kalandar Tailan ta girmi ta miladiyya da shekara 543, wato 2568 ita ce 2025. Kuɗin neman ƙarin baht 1,900 ne.

Bayan an buga maka hatimi, 800,000 ɗin za su ƙara wata uku ba a taɓa su ba, sannan sauran shekarar kada su yi ƙasa da 400,000, kuma a mayar da su cikakku wata biyu kafin sabuntawa ta gaba. Mai fanshon da ya kai baht 65,000 a wata yana iya bin hanyar nuna kuɗin shiga maimakon ajiyar 800,000, sai dai ofisoshin jakadancin Amurka, Birtaniya da Ostireliya sun daina ba da wasiƙar shaidar fansho tun 2019, don haka 'yan waɗannan ƙasashe sai sun nuna shigowar kuɗi daga waje na wata 12 a jere. Kariyar ajiya a Tailan ta tsaya a baht miliyan 1 ga mutum ɗaya a kowane banki, abin da ya haura haka gara a kai shi wani bankin.